Aikin da Ya Bukar Yake Zaton Nasa Ne

Daga akwatin saƙo. Mai saƙon ya roƙi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum Admin da sauran 'yan uwa na wannan zaure. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina wucewa, ko sau ɗaya ban taɓa sa baki ba, yau ga layi ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe, farkon zai yi muku kamar zancen 'yan kwamfuta. Sunan da zan ambata na aro ne.

Ni haifaffen unguwar Hausari ne a nan Maiduguri, iyayena mutanen Kano ne da kasuwanci ya kawo, sana'ata rubuta manhaja. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a saman bene, ƙasanmu shaguna ne, mu kaɗan ne, irin ofis ɗin da in an ɗauke wuta sola ta gaza duk sai mu taru a taga ɗaya muna neman iska. Babban aikinmu wata manhaja ce da ƙananan asibitoci masu zaman kansu da ɗakunan gwaji suke amfani da ita, cikin gari da wajen gari har Konduga. Ita ke riƙe bayanan marasa lafiya, ita ke tura wa mutum saƙo a waya in sakamakon gwajinsa ya fito. Wanda ya gina ta tun daga tushe shi ne mutumin da zan kira Ya Bukar, Kanuri ne na Old Maiduguri, ya girme ni nesa ba kusa ba. Na gama makaranta ina zaman shagon babanmu ina hamma ya jawo ni jikinsa, ya koya min kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, da Hausar nan tasa da har gobe sai ya ce min "matarka ya kira waya", in na yi dariya ya ce Bahaushe ba ya taɓa girma. Shi ya tsaya min ranar ɗaurin aurena. A ofis ɗinmu ba a duba aikin Ya Bukar, shi yake duba na kowa, har Oga mai kamfanin in zai yi masa magana sai ya miƙe tsaye. Ba doka ba ce aka rubuta, haka muka taso muka tarar, ƙarami ba ya sa wa babba jan biro.

Bara na fara lura rubutun sikirin ɗinsa yana ƙara girma. Yau ya ƙara, jibi ya ƙara, har ta kai layi kaɗan ne suke cika fuskar kwamfutar. Ya daina tuƙi ya ce mai ya yi tsada, ya koma shiga keke Napep. In za mu sauka bene sai ya tsiri wata hira don ya dafa kafaɗata. Wata rana bayan la'asar mun shiga keke tare, ya riƙe wuyan hannuna ya gaya min hawan jinin ido ne, likita ya ce ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma ana lallaɓa shi ne da magani, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce daga matarsa sai ni muka sani. Ya ce amana ce, kada Oga ya ji, don Oga mutumin kirki ne amma yana da abokan hulɗa da ba su san kirki ba, kuma yaransa duk suna makaranta. Na ce na ɗauka. Ban ma yi tunani ba na ce na ɗauka.

Lokacin ne aka fara yayin haɗa AI da edita, wato manhajar da muke rubuta kod a cikinta. Ga waɗanda ba fanninsu ba, abin ba shi da wuya. Kana sa wani ƙari da ake cewa ekstenshan a cikin edita, sai AI ɗin ya zauna a gefe kamar abokin aiki, ka gaya masa abin da kake so ya rubuta. Amma shi kaɗai ba shi da hannu, ba zai iya buɗe fayil ɗinka ko ya taɓa ma'ajiyar bayananka ba sai ka haɗa masa wata 'yar saba a tsakani, irin wadda ake cewa MCP. Duk abin da zai yi ta wannan saba yake bi, kamar ɗan aike, ya ce buɗe min kaza ta buɗe, ya ce canja kaza ta canja, amma kafin babban canji sai an tambayi mai kwamfutar, shi kuma ya danna amincewa. Na ce ai ga mafita Allah ya kawo. Na zauna na rubuta wa Ya Bukar saba tasa ta musamman, na haɗa masa da murya, ya sa iyafis ya faɗi abin da yake so a hankali, AI ya rubuta, ya gaya masa a kunne abin da ya yi, shi kuma ya danna. A ofis kowa ya ɗauka son zamani ne ya kama dattijo. Ya raɗa wa AI ɗin suna Sakatare. Ranar da abin ya fara aiki sai da ya saya wa kowa shayi da ƙosai, ni kaɗai na san dalili.

Ƙwaƙwalwar mutumin nan ba abin da ya same ta, wannan ku sani. Ya san manhajar nan kamar yadda ya san hanyar ɗakinsa. Matsalar ita ce Sakatare ba ya karanta masa duk abin da ya yi, taƙaitawa yake, kuma yakan yi abin da ba a sa shi ba da sunan gyara. Mai ido zai kalli canjin ya ce a'a tsaya, shi kuwa Ya Bukar abin da kunne ya ji shi ke nan.

Akwai wani shinge da shi da kansa ya sa a manhajar tun shekarun baya. A nan wajenmu mace takan zo asibiti a tambaye ta lambar waya ta ba da ta mijinta, ko ta uwar mijinta, ko ta maƙwabci mai cajin waya. Saboda haka ya tsara cewa wasu gwaje-gwaje, irin na ciki da irin cututtukan da mutum ba ya son a ji, ba a taɓa tura sakamakonsu ta saƙo, sai dai a ce ki zo ki ga likita. Ya sha gaya min wannan 'yan layukan sun fi duk sauran manhajar daraja a wurinsa. To wata safiya ya sa Sakatare ya gyara wani abu a ɓangaren saƙonni, Sakatare ya ga shingen nan ya ɗauka tarkace ne mai rage gudu, ya cire, ya ce masa a kunne ya gyara matsalar kuma ya share wasu tsofaffin sharuɗɗa marasa amfani. Ya Bukar ya danna. Allah ne ya sa ina cikin fayil ɗin a lokacin ina neman wani abu daban, na gani, na mayar kafin lokacin da saƙonnin rana suke fita. Da na leƙa jerin masu jiran saƙo, akwai mata a ciki da ban san su ba, amma na san irin gidajen da saƙon zai sauka. Na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska, na dawo na same shi yana ta tsokanar wani abokin aikinmu a kan ƙwallo.

A ranar ya kamata in gaya masa. Na buɗe baki ya fi a ƙirga, na kasa. Ta yaya zan kalli wanda ya koya min riƙe linzamin kwamfuta in ce masa ka rusa shingenka da hannunka ba ka sani ba? Maimakon haka sai na koma cikin sabar na ƙara wani abu. Na tsara cewa duk lokacin da ya danna amincewa, saba za ta ce wa Sakatare an yi, Sakatare ya ce masa an yi, alhali ba a yi ba, aikin yana zuwa laftof ɗina ya tsaya. In duba, in gyara, sannan in sake shi da sunansa. Na ce wa kaina na ɗan lokaci ne kafin ya saba. Yanzu an doshi shekara.

Tun daga nan aiki biyu nake yi. Nawa da nasa. Wani lokacin abin da ya turo lafiya lau ne, in sake shi yadda yake, amma da yawa sai na taɓa, wasu ma sai na rushe na sake ginawa, kuma abin ƙaruwa yake yi don idon raguwa yake yi. Ya taɓa cewa me ya sa aikinsa yake jinkirin bayyana, na ce netwok ne, ya zagi kamfanin layi ya wuce. Ana cikin haka asibitoci suka fara yaba sabbin gyare-gyare, Oga ya tsaya a taro ya ce mu yara mu ji kunya, dattijo ya riga mu rungumar zamani, aikinsa ya fi na da tsabta. Aka tafa. Ni ma na tafa. Ya Bukar ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ni da Sakatare ai sai dai a bar mu." Da aka watse ya matse min hannu ya yi min sannu da yarensu a hankali, "Wushe, ƙanena. Ka dawo min da hannuna."

Gaskiya ba zan ce muku na ji daɗi ba, ba kuma zan ce na ji zafi ba. Tun wajen wannan lokacin na daina jin abubuwa. Ina cin abinci don lokacin ci ya yi. Matar Ya Bukar takan aiko mana da burabisko ofis, da can har rigima nake a kan loma ta ƙarshe, yanzu ina taunawa ne kawai. 'Yata ta fara tafiya, ana ta guɗa a gida, na tsaya ina kallo ina jiran farin cikin ya zo, bai zo ba, na ɗauki hoto na koma kan laftof. Ba na kuka, ba na fushi, barcina ma lafiya nake yi. In saƙon aikinsa ya shigo in buɗe, in gyara, in saki, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Matata ce ta fara gane wani abu ya mutu a jikina, ta matsa har na gaya mata rabin zancen. Mun yi faɗa sosai, ko in ce ta yi faɗa ni ina zaune. Ta ce wannan ba rufin asiri ba ne, na mayar da babban mutum abin wasa, yana zaune yana danna maɓallin da ba a haɗa da komai ba kamar yaron da aka ba wa rimot babu batir. Ta ce in ni ne aka yi wa haka zan yafe? Na ce ban sani ba. Ta ce kullum amsata ke nan yanzu, ban sani ba. Ta kwana biyu ba ta yi min magana ba, ni kuwa ko a jikina, wannan ma ya ƙara ba ta haushi.

Akwai abin da ya fi damuna in na tsaya na yi lissafi da kai, tunda zuciyar ta tafi hutu. Na bincika na ga akwai makafi da suke rubuta kod da kansu, da manhajar da ke karanta musu kowane harafi, ba taƙaitawa ba, kuma suna aikinsu ba wanda ya isa ya raina. Amma sai an koya, sai an sha wahala, kuma an fi samun sauƙin koyo tun da sauran gani. Na taɓa kawo masa zancen a kaikaice, ya ce wannan ai na makafi ne, shi me ya haɗa shi da shi tunda ga Sakatare yana yi masa komai daidai. Wato ni ne na rufe masa wannan ƙofar. Watannin da ya kamata ya yi yana koyo da ɗan ganin da ya rage, na cinye masa su da ƙaryar an yi, an yi. Yanzu ko fuskar mutum sai an matso sosai yake ganewa, da murya yake rarrabe mu.

To ga inda aka zo. Wani tsohon abokinsa yana da babban kamfani a Abuja, ya ce ya nemo masa mutum mai amana da zai riƙe masa ɓangare guda. Ya Bukar bai shawarce ni ba ya ba da sunana, ya buga waya ya yi ta zuba yabo, ya je wurin Oga da kansa ya roƙa a sake ni. Oga ya ce wa zai riƙe aikin asibitoci, Ya Bukar ya ce shi da Sakatare sun isa, ba ga shi kowa ya gani ba. A gabana aka yi. Aiki ne da ko a mafarki ban taɓa sa rai ba. Kafin in dawo gida ya riga ya kira mahaifiyata ya yi mata albishir, Hajiya ta sa aka kai ta Old Maiduguri da turmin atamfa da turare ta yi wa iyalinsa godiya, ta dawo tana ta sa masa albarka. 'Yan unguwa suna tare ni a hanyar masallaci suna Allah ya sanya alheri, ina cewa amin. Har yau ban ji komai ba, kamar labarin wani ake ba ni.

Na juya abin ta kowace fuska. In na tafi, laftof ɗin ofis zan ajiye, kuma za a rufe duk wata hanyar shigata, haka tsarin yake saboda bayanan marasa lafiya ne, ni ma da hannuna aka tsara shi. Don haka ba zan iya ci gaba da gyara masa daga nesa ba, ko da zan iya ma har yaushe. In na bar abin da na ƙara a sabar, aikinsa zai riƙa taruwa ba mai saki, cikin 'yan kwanaki asiri ya tonu a gaban kowa, ba ni nan. In na cire shi shiru na tafi, duk abin da ya danna zai wuce kai tsaye zuwa asibitoci, kuma na riga na ga irin abin da yake wucewa. In na miƙa wa wani a ofis ya ci gaba, na fasa amana, na kuma ƙara mutum na biyu da zai riƙa yi masa kallon tausayi. In na gaya wa Oga, na san ƙarshen zancen, za a yi masa walima a ba shi kyautar agogon bango. In kuma na ƙi tafiya, dole in kawo dalili, ga Hajiya, ga abokinsa da ya riga ya ba wa baki, kuma a wurin mutum irin Ya Bukar mayar masa da kyauta mari ne. Na ma gwada, na ce masa ina ganin ban shirya ba, ya ɓata rai ya ce shi ya san ranar da na shirya tun kafin ni in sani, kada in kunyata shi.

Jiya bayan azahar ya kira ni teburinsa, ya jawo min kujera. Ya ce tunda tafiya ta matso, yana so ranar Alhamis in an tashi mu zauna mu biyu, in karanta masa kod ɗin sabar nan tun daga layin farko har na ƙarshe, don in ta lalace bayan na tafi ya san inda zai taɓa. Na ce ai Sakatare zai iya yi masa bayani. Ya yi dariya ya ce, "Sakatare ɗan taƙaitawa ne, ka ɗauka ban sani ba? Kai nake so. Ka karanta min yadda na koya maka, ba tsallake." Na ce to. Ya ce matarsa za ta aiko da abinci, kada in ci komai a gida.

Abin da na ƙara ɗin yana nan wajen tsakiyar fayil ɗin, bai fi a karanta shi cikin numfashi kaɗan ba, kuma da ya ji layin farko zai gane sauran, don shi ya koya min irin wannan ginin. Zai gane tafin da aka yi masa, da yabon Oga, da maganar da ya yi ta cewa ya isa shi kaɗai. In kuma na tsallake ba zai gani ba, zai gyaɗa kai ya ce madalla, ya sa min albarka in kama hanya.

'Yan uwa, ba addu'ar samun sauƙin zuciya nake nema ba, zuciyar shiru take. Shawara nake so, musamman daga manya da waɗanda suka taɓa zama da wanda ido ko ƙarfi ya fara bari. In karanta masa? In zan karanta, in fara yi masa bayani ne ko in bar shi ya ji da kunnensa a cikin kod ɗin, tunda yaren da muka fi fahimtar juna da shi ke nan? In nemi matarsa ta zauna a wurin, ko hakan ƙarin tozarci ne? Masu zagi ku zaga, ba zan ji ba, amma bayan zagin ku gaya min abin da zan yi in na iso wannan layin, yana zaune a gefena ya rufe ido yana saurare. Yau Talata.